Shuɗin Gam a Durowar Dogo

Dogo ne ɗan fari, kuma ya fara riƙe sifana a garejin mahaifinsu tun tana yi masa nauyi. Ya girma a ƙarƙashin motoci, ya yi aure da baƙin mai a farce, ga shi har furfura ta same shi a wurin. Aiki kam ya iya, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Abu ɗaya ne bai taɓa samu ba, wato Baba ya dubi aikinsa ya ce madalla. In Dogo ya tayar da injin da ya mutu murus, tsohon sai ya ce, "To, ai aikinka ne." Amma in Auta, ƙaninsa, ya ɗaure noti ɗaya daidai, sai ka ji Baba yana ba maƙwabta labari har la'asar. Auta ya zama magidanci, Baba ya daina aiki don ido ya yi rauni, ya koma zama kan tsohuwar kujerar mota a bakin ƙofa, amma ba ta sauya zane ba.

Wata safiya aka jawo motar wani likitan haƙori. Injinta ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Murna ta kama Dogo. Yana saurayi an taɓa kawo irinsa, shi da Baba suka haɗa shi su biyu, lokacin Auta ko makaranta bai shiga ba. Dogo bai taɓa jin daɗin duniya kamar kwanakin nan ba. Tun daga nan durowarsa ba ta rabuwa da shuɗin gam da ake haɗa irin injin da shi, in ya tsufa ya sayo sabo, yana jiran ranar da irin injin zai dawo.

Likitan ya gaida Baba, suka yi ƙus-ƙus, ya wuce Dogo kamar bai gan shi ba, ya miƙa wa Auta makulli. Ranar Dogo ko abinci bai iya ci ba. Hassada ce, kuma ya san sunanta.

Auta ya kwance injin, ya wanke, ya jera sassansa a kan tebur. Haɗa su ake yi ɗaya bisa ɗaya, da siririyar roba a tsakani mai hana ruwa shiga wurin wuta. Shuɗin gam ba ya bushewa, ɗan shafawa ake yi ya riƙe robar a mazauninta. Jan gam kuwa kauri gare shi, in aka lafta aka ɗaure sai ya ture robar, ya toshe hanyar ruwa, injin ya tashi lafiya yau ya ƙone wata mai zuwa.

"Yaya," in ji Auta, "wane gam zan sa a nan? Ka san ban taɓa buɗe irinsa ba."

Dogo bai ɗago daga tayar da yake kwancewa ba. "Ja mana. Ka lafta sosai, ban da rowa."

Auta ya buɗe jan. Warinsa mai tsami ya bi gareji har bakin ƙofa. Baba ya ɗaga hanci.

"Wa ya buɗe jan gam a kan injin nan?"

"Ni ne, Baba," in ji Auta, bai ambaci yayansa ba.

"Rufe shi. Dogo, zo nan."

Dogo ya zo ya durƙusa, yana goge hannu da tsumma ba gaira ba dalili.

"Na ji abin da ya tambaye ka, na ji amsarka," in ji Baba. "Ni na ce wa likita ya ba Auta, don ya koya a hannunka tun ina raye. A kan irin injin nan ban taɓa ganin wanda ya kai ka ba, har ni da na koya maka. Saboda haka kada ka ce mini mantuwa ka yi."

Maganar da Dogo yake jira tun yana yaro ke nan, ta zo a ranar da ba zai iya ɗaga kai ya karɓe ta ba. Kunya ta rufe shi. Ya tashi ya jawo durowa, ya ɗauko shuɗin, ya ɗiga kaɗan a yatsa ya bi mazaunin robar a hankali.

"Haka," ya ce wa Auta. "Kamar ba ka sa komai ba."

Auta ya karɓa ya shafa na gaba. Dogo ya duba da kyau, yana neman aibi, bai samu ba.

"Ya yi?" Baba ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Ya yi, Baba."

"Madalla, Auta!" in ji tsohon.

Dogo ya koma kan tayarsa, ƙirjinsa yana zafi kamar kullum.