Larabar da Na Sa wa Rauta Adireshi

Duk tsawon raina ba na jin zan manta wata Laraba a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin ina mai buga takardu a wani ofishin lafiyar dabbobi a Gumel. A shekarar aka kawo mana kwamfuta uku da wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu, wai shi rauta, wanda zai haɗa mu da reshenmu na Maigatari ta waya. Har leƙowa ake yi ta taga don a gan shi.

Injiniyan da ya zo daga Kano ya gama haɗa na Maigatari ke nan aka yi masa rasuwa. Ya tafi bai sa wa namu adireshi ba, sai takarda ya bari mai layi biyu na lambobi. Ga shi washegari kasuwar Maigatari ke ci, ciwon huhu ya ɓulla a shanu, likitanmu na can yana jiran jerin garkunan da aka yi wa rigakafi kafin a bar su shiga kara. Jerin yana cikin kwamfuta, injin buga takarda bai iso ba, kwafewa da hannu kuwa sai kwana biyu.

Shugabanmu, wani dattijo Kirista mutumin Filato, ya ce, "'Yata, ke kika zauna kusa da shi yana aiki. Gwada."

Rauta ƙofa biyu gare shi, ɗaya tana fuskantar kwamfutocin ofis, ɗaya layin Maigatari, kowace da nata adireshin. Na shigar da lambobin, na aika gwaji. Shiru. Sau uku ina maimaitawa, bai wuce ba. Gaskiyar magana ban san wane layin lambobi ne na wace ƙofa ba, amma ƙuruciya da kunya suka ɗaure mini baki.

Dattijon ya jawo kujera ya zauna. "Ni ban san komai a nan ba, amma ina da kunne. Karanto mini a hankali."

"Baba, cankar su na yi," na ce.

"To, yanzu muka fara aiki."

Ina karantowa da ƙarfi sai na ji layi na biyu ya fara daidai da lambar da injiniyan ya manna a jikin kwamfutata. Ashe shi ne na ƙofar ofis, na juya su! Na gyara, gwaji ya wuce, na aika jerin. Kafin la'asar rubutu ya fito a allo daga Maigatari: "Ya iso. Allah ya yi albarka." Dattijon ya aika aka sayo tsire, muka ci a gindin darbejiya muna dariya.

Dattijon ya rasu da daɗewa, ofishin ma ya tashi. Na yi shekaru ina koya wa matasa wannan aiki, kuma abin da na ɗauko a wurinsa shi nake fara gaya musu: wanda ya ce bai sani ba ya kama hanya, wanda ya ɓoye rashin saninsa shi ne ya ɓata.