Baba Ɗanlami da Furannin Bayan Layin Dogo

Baba Ɗanlami ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a Iyana Ipaja ina jiran danfo, motar hayar Legas. Ɗansa Isiya ne ya kira ni daga ƙauyensu, can wajen Lere. Ya ce zazzaɓin kwana huɗu ne, jiya bayan azahar rai ya yi halinsa, har an kai shi makwancinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kwandasta yana ta yi min ihu in shiga ko in ba mutane hanya. Na matsa gefe, motar ta tafi ta bar ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba: ni ƙaramin ɗan kwangila ne, share filaye nake yi a nan Agege da kewaye. In mutum ya sayi fili ya katange, ciyawa ta cinye, mu ake kira. Baba Ɗanlami shi ne babba a cikin masu yi min yanka. Ɗan ci-rani ne, dogo, siriri, gemunsa ya yi fari tas. Shekara shida muna tare, yana ce min Oga, alhali ya haife ni.

Ya bar min amana kafin ya tafi gida. Sai yau da na ji mutuwarsa na tuna da ita. Ita ta sa nake wannan rubutun, don haka ku yi haƙuri da tsawonsa.

Baba ba ya fara yanka sai ya bi ciyawa da sanda yana bubbugawa. Na taɓa ce masa ɓata lokaci ne. Ya ce, "Oga, ai ba a shiga gidan mutane babu sallama." Wai don ƙwai da 'yan tsuntsaye da sauran abin da ke kwance a ciki su samu su kauce.

Kullum shi ke riga kowa zuwa, kuma kafin mu iso ya wasa addar kowa, har da ta wanda suka yi faɗa jiya.

Ranar da adda ta sare ni a ƙauri, rawaninsa ya yage ya ɗaure min. Bai taɓa tada zancen rawanin ba.

To, akwai wani fili a bayan layin dogo, babba, mai katanga, da muke sharewa duk damina. Kusurwarsa ta gabas kwari ce, ruwa na kwanciya a wurin. Shekara huɗu da suka wuce na je duba aiki, na tarar an share ko'ina fes, ban da wannan kusurwar. An bar ciyawa tsaye, faɗinta kamar ɗaki ɗaya.

Na ce, "Baba, aski ka yi ka bar tukku?"

Ya ce, "Oga, ka ba ta kwana goma."

Ya buɗa ciyawar da sandarsa ya nuna min wasu kara kore, miƙaƙƙu, ko ganye babu a jikinsu. Ni haifaffen Agege ne, gero da dawa ma ba na bambancewa sai an dafa. Abin da na gani kawai shi ne ciyawa, ga mai fili yana cewa zai zo dubawa.

Duk wanda ya san ni ya san ba ni da dogon haƙuri. Na ɗaga masa murya a gaban mutane. Na ce ko ya sare ta yanzu, ko gobe kada in gan shi a wurin aikina.

Bai yi fushi ba. Ya goge addarsa a wando ya ce, "Aikin naka ne, Oga. Amma addar tawa ce, kuma ba da ita za a yi wannan ba."

Na rantse washegari zan zo da maganin feshi in ƙone wurin da kaina. Na zo da shi kuwa. Sai ruwa ya ɓalle. Kun san ruwan Legas in ya sa kai: kwana da kwanaki babu ɗagawa, feshi kuma ba ya kamawa cikin ruwa. Mai filin ma ya fasa zuwa.

Rana ta tara, na fito daga sallar asuba, na tarar da Baba a ƙofar masallaci. Mutumin da na kora. Ya ce, "Zo ka gani."

Na bi shi ne don kunya, ba don ina so ba.

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba.

Rana ta fara fitowa, ƙasa a jiƙe. Waɗannan karan da na raina sun kai min ƙirji, kuma kowanne ya ɗauko furanni jere daga tsakiya har sama. Launinsu tsakanin ruwan hoda da shunayya. Kowane fure yana da leɓe mai faɗi da ya zubo ƙasa, da ɗigon rawaya a maƙogwaronsa, da wasu siraran zane kamar an ja su da allura. A bayansa 'yan kunnuwa uku sun miƙe tsaye. Na duba ɗaya, na duba na kusa da shi, babu inda aka yi kuskure.

A bayan katanga jirgi yana wucewa, masu danfo suna ta hon, bola tana hayaƙi. A nan ciki kuwa wani ƙaton ƙudan zuma baƙi ya sauka a kan leɓen fure ɗaya, leɓen ya ɗan sunkuya da nauyinsa, ya shige ciki, ya fito da rawaya a ƙeya.

Na ji bakina yana cewa Subhanallahi ba tare da na yi niyya ba. Shekara talatin da wani abu ina wucewa ta bayan katangar nan, ban taɓa sanin Allah yana irin wannan aikin a unguwarmu ba.

Na juya in ba Baba haƙuri, na ga hawaye a gemunsa.

Ya ce, "Muna yara muna kiwon awaki a gindin dutse, in an ƙone daji ruwan farko ya sauka, ita ke fara fitowa. Yanzu gonaki da feshi sun cinye wurin. Na ɗauka ta ƙare a duniya. Ashe tana Ikko."

Na tambaye shi sunanta. Ya ce su dai furen farkon damina suke ce mata. Daga baya na nuna hoton ga wata mai sayar da furanni a bakin titi a Ikeja, ta ce okid ce ta daji, ba shuka ta ake yi ba, ita ke zaɓar inda za ta fito. Har ta ce a haƙo mata za ta saya. Da na gaya wa Baba, kallon da ya yi min ya ishe ni amsa.

Tun daga ranar ba a sake taɓa kusurwar nan ba. In mai fili ya tambaya, sai in ce wurin ruwa ne, adda ba ta shiga. Allah ya yafe min wannan.

Kun san 'yan ci-rani, da an ji hadari ya fara haɗuwa a Arewa kowa sai ya ɗaure kayansa. Baba shi ne na ƙarshen tafiya kowace shekara. Sai ta buɗe, ya je ya zauna a gabanta ya more kallo, sannan ya nufi kasuwar Mile 12 ya hau motar da ta sauke tumatir za ta koma. Abokan aikinsa suna tsokanarsa, suna ce masa Sarkin Fulawa. Shi ma dariya yake yi.

Bana aka sayar da filin. Sabon mai shi gini zai yi, aka ce katafila na nan zuwa.

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan, da safe, a teburin mai shayi kusa da tasha. Ya zo da buhunsa a ɗaure. Ya ce ruwa ya sauka da wuri a gida, Isiya ba zai iya shuka shi kaɗai ba, ita kuma bana ta yi nawa, ko kai ba ta fasa ba. Karon farko ke nan da zai tafi bai gan ta ba.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Oga Bashir, na bar maka ita. Ka roƙe su su jira ta buɗe ta gama. In ta gama, ka haƙe ta ka kai ta wuri mai damshi. Da ƙasarta ake ɗaukarta. In ka kakkaɓe ƙasar, ka kashe ta."

Na ce, "Baba, no wahala, ka ɗauka an yi."

Ya biya kuɗin shayina duk da na hana shi, ya saɓa buhu ya tafi.

Ga gaskiyar da ke ci na. Na samu wani babban aiki a wajen Apapa, na shiga sabgarsa, ban leƙa filin nan ba ko sau ɗaya. Ban nemi sabon mai filin ba. Ban roƙi kowa komai ba.

Yau da safe, kafin Isiya ya kashe waya, ya ce, "Oga, shekaranjiya da ya ɗan farfaɗo ya ce in tambaye ka wai ko ta buɗe. Ban gane ko mece ce ba."

Nan take na tare keke na ce layin dogo.

Tun daga nesa na jiyo ƙarar katafila. An cire ƙofar filin gaba ɗaya. Na shiga da gudu. Ko'ina jar ƙasa, an baje ta, ko tsinke babu.

Sai kusurwar gabas.

Tana nan. Ta buɗe. Wallahi ban taɓa ganin ta yi yawa irin na bana ba. Na ƙirga kara arba'in da ɗaya, duk a cike, suna tsaye a tsakiyar wannan jar ƙasar, sawun katafila ya zagaye su ta kowane gefe, bai fi taku biyu tsakani ba.

Direban katafilar wani dattijon Bayarabe ne, ban taɓa ganinsa ba. Na ɗaga masa hannu, ya kashe inji. Na yi masa magana da Yarbanci, na tambaye shi wa ya ce ya bar nan.

Ya ce, "Babu wanda ya ce. Tun jiya nake zagaye ta. In na kawo kai sai in ji hannuna ya ƙi. Na ce bari in bar ta ƙarshe."

Na ba shi labarin Baba a taƙaice. Ya cire hularsa. Sannan ya ce injiniya ya ba shi zuwa azahar ya gama, ba shi da ikon wuce haka. Ya dubi katafilarsa ya ce, "Amma injin nan ya yi zafi. Sai ya huce awa biyu."

Na ari shebur a wurin magina. Na bi gidajen kusa na tattaro bokitan fenti. Baba ya ce a jira ta gama fure, ga shi babu halin jira, wannan kuma laifina ne ba na kowa ba. Na durƙusa cikin taɓo ina haƙa, ina yanko kowace da ƙasarta kamar yadda ya ce. A ƙasa saiwarta dunƙule-dunƙule ce kamar citta, a sarƙe da juna. Direban ya sauko ya kama min. Wasu lebura biyu da ba su san Baba ba, ba su san ni ba, suka ajiye aikinsu suka zo.

Bokiti goma sha huɗu muka fitar kafin injiniya ya iso.

Abin da ya samu sauran ban tsaya na gani ba. Ina jin an tada inji na juya baya.

Yanzu haka suna jere a ƙofar ɗakina, a inuwa. Matan gidanmu sun kewaye su, masu wucewa suna tsayawa, kowa na tambaya daga wace ƙasa aka kawo su. In na ce daga bayan layin dogo, ba mai yarda.

Na ɗauki hoto na tura wa Isiya, na ce ga amsar tambayar Baba. Ya kai wa mahaifiyarsa a wurin zaman makoki. Ya ce ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "Ashe wannan ce ke riƙe shi."

Ban sani ba ko za su rayu. Biyu sun riga sun sunkuyar da kai. Wanda ya san yadda ake yi da su an rufe shi jiya.

Don haka roƙona biyu ne. Duk wanda ya san wani wuri mai damshi a Agege ko kusa, inda ba za a yi gini ba, ba a kuma feshi, don Allah ya yi min magana yau, ba gobe ba. Ni zan kawo su da kaina, ni zan dasa.

Na biyu, duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya tsaya minti ɗaya ya sa Baba Ɗanlami a addu'a.

Ya Allah, bawanka ya ji tausayin abin da ka halitta, har wanda ba ya magana. Ka ji tausayinsa. Ka yafe masa, ka sanyaya kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ka sa gonar da ya shuka bai ga girbinta ba ta yi albarka. Ka saka wa direban nan da alheri. Ni kuma ka yafe min sakacina.

Baba, ta buɗe. Na makara, amma ta buɗe.

Ku ce amin.