Musayar Dogon Garo

Ni ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, kuma har yau ban ga hikimar ƙato mai gemu ya yi ta tsalle don ya jefa abu a kwandon da gindinsa a ɓule yake ba. Amma na taɓa shirya musayar 'yan wasa tsakanin garuruwa uku, kuma sai na faɗa.

Wani malamin makaranta ne, mutumin Filato, ya kawo mana wasan nan Garo. Ya kafa turaku biyu a fili, ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa rodi. Kafin shekara biyu Durun sun yi tasu ƙungiyar, Madadi ma sun yi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tunda aka kira shi uban ƙungiya ya daina leƙa rumbu. Albashin 'yan wasa kuwa ba kuɗi ba ne, tuwo ne, daga tukunyata.

A cikinsu akwai wani dogo, wanda in zai shiga zaurenmu sai ya yi kamar mai ruku'u. Malmala shida yake ci, ya kuma aiko a tambaya ko akwai ƙanzo. Shekarar da aka kawo Shari'a malamai suka ce wandon wasa ya rufe gwiwa, tela ya auna shi ya ce yadin mutum biyu zai ci. Ga tsada, ana ta cewa a tsuke bakin aljihu, mu da aljihun ma ya yage. Da bazara na leƙa rumbu na ga dawar ba za ta kai mu kaka ba, ga 'ya'ya biyar.

Na ce wa maigidana, "Malam, ka sallami dogon nan."

Ya ce, "Ke, shi ne ƙungiyar! In ya ɗaga hannu ba mai taɓa ƙwallo."

Na ce, "In ya sauke hannun kuma ba mai taɓa tuwo."

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, na haura arba'in, matar malamin Filato ce take koya mana. Wanda ya samu biro da girma ba ya ajiye shi. Na zana da'ira uku a littafina, Garo, Durun, Madadi, na bi gidajen biki da suna ina jiyo labari a bakin mata. Alhajin da ke riƙe da ƙungiyar Madadi yana mutuwar son dogonmu, amma mutanensa duk masu ci ne, ba na so. Durun kuwa suna da mutum biyu da suka kwanta mini a rai: wani mai gyambon ciki da aka ce cokali uku ke isarsa, da wani ango da ke ci a ɗakin matarsa. Su kuma Durun wani bahago mai gudu suke so daga Madadi, da sabuwar ƙwallo, don tasu ta sha faci.

Na ja kibiyoyi. Dogo ya tafi Madadi, bahago da ƙwallo su tafi Durun, mai gyambo da ango su zo mana. Na nuna wa Malama, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Mama, ba wannan na ba ki aikin gida ba, amma kibiyoyin sun miƙe."

Kwana uku ina yi wa Malam tuwo ba man shanu kafin ya yarda ya tara shugabannin ƙungiyoyin a zaure. Ina bayan ƙofa da littafina, in ya manta in yi gyaran murya. Na Durun ya yi ta jan magana a kan ƙwallon, wai sai an haɗa da famfo. Alhajin Madadi kuwa ko musu bai yi ba. Ya ce, "Hajiya ta yi tsari, Allah ya sa albarka." Ya kamata saurin nan nasa ya tsorata ni. Daɗin an kira ni Hajiya ne ya rufe mini ido.

Mai gyambo ya zo da takardar asibiti. Gaskiya ne kaɗan yake ci, amma sau biyar a yini, miyarsa daban ba yaji, ga nono kullum. Ango ya yi sati biyu yana ci a gidansa, sai iyayen matar suka zo suka ɗauke ta goyon ciki, haihuwar fari, ba dawowa sai an yi arba'in. Ni da na haifi biyar ban tambayi watan cikin ba! Ya dawo zaurenmu da kewa, kuma ashe mai kewa ba ya ƙoshi.

Ranar wata Laraba ina kwashe tuwo na ji ƙararrawar keke, na ji sallamar da na sani. Dogo ne. Ashe Alhajin Madadi bai yi masa alkawarin tuwo ba, keke ya saya masa, ya ce shi ne albashinsa.

Na leƙa na ce, "Kai, ba an ba da kai ba?"

Ya ce, "Inna, kun musanya ni kamar akuya ban ce uffan ba. Gaisuwar ma za a hana ni?"

Malam ya ce a hankali, "Baƙo ne yanzu, kin sani."

Na sani. Ɗan wasa ana iya rage masa kwano, baƙo kuwa ƙara masa ake yi, har da nama in akwai. Ga tuƙin keke ya ƙara buɗe masa ciki, ya koma malmala takwas. Sau uku a sati yake zuwa gaisuwa, kuma bai taɓa kuskuren lokaci ba.

Ana cikin damina na shiga rumbu da kaina, na ji ƙafata ta taɓa ƙasa. Saura kusan wata guda sabon gero ya nuna. Ban yi kuka ba. Na sa Malam ya aika Madadi cewa ƙungiyar Garo na zuwa wasan sada zumunci, kuma iyali za su biyo don su gaida matar Alhaji.

Muka cika akori-kura: 'yan wasa tara, 'ya'yana, ni, da wata gwaggon Malam mai jin yunwa tun da hantsi. Aka yi wasa, dogo ya lallasa mu, ko kallo ban yi ba. Da la'asar Alhaji ya aiko a tambaya ko a kira mota. Na ce a faɗa masa ban gama gaisawa da matarsa ba. Washegari na miƙa wa masu girki takardar mai gyambo, na karanta musu da kaina, sau biyar a yini, ba yaji.

A kwana na uku Alhaji ya zo bakin ƙofa da kansa.

Ya ce, "Hajiya, a tsarin nan naki, akwai abin da aka manta ne?"

Na ce, "Cikin dogo, Alhaji. Ƙafafunsa kawai ka ɗauka."

Ya yi dariya har da tari. Ya sa aka ɗora mana buhu biyu na dawa a mota, da sharaɗin mu tafi kafin a ɗora tukunyar rana. Na ce gwaggo ba ta tafiya da yunwa. Sai da muka ci.

Buhunan nan su suka kai mu kaka, da ƙyar, ana kankare ƙanzo. Malam ya yi sati ba ya yi mini magana, wai na kunyata shi a idon duniya, amma ko sau ɗaya bai mayar da kwanonsa da saura ba.