Yaya Lawal da Katin da Ya Kusa Mayar da Ni Gida

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal, kuma makon jiya na tuna shi a inda ban zata ba. Jikata Sa'adatu, mai karatun lissafi a jami'a, ta zo hutu Kankia da kwamfutarta. Ina kallonta tana aiki da wata manhaja mai warware aljabara, sai amsa ta fito a karkace. Ko a jikinta. Ta ba manhajar umarni ta tsaya a wani layi, ta riƙa binta layi-layi, tana tambayarta abin da kowane harafi ke ɗauke da shi. Kafin shayina ya huce ta gano kuskuren.

A zamaninmu, lokacin da arzikin mai ya kawo wa jami'o'i kwamfuta, inji ɗaya ɗaki guda yake cikawa. A jikin kati muke huda umarnin da za mu ba injin, mu miƙa ta taga, sai washegari mu karɓi sakamako. Yaya Lawal yana koyar da lissafi a jami'armu, ni kuma ina shekarar ƙarshe. Aikin kammala karatuna ya ƙi fita, kullum takarda ta dawo da lambobi marasa kan gado. Ranar miƙawa ta matso, a garinmu Kusada kuwa akwai masu jira su ji macen da aka tura karatun lissafi ta dawo hannu rabbana. Na haɗa kayana.

Ya iske ni bakin ƙofa. "Ina za ki, Binta?"

"Gida, Yaya. Injin nan ya ƙi ni."

"Inji ba ya ƙin kowa. Abin da kika ce mishi, shi ya yi. Zamna mu gani."

Na roƙe shi har da kuka ya gyara mini, ya ƙi. Na ji haushinsa ƙwarai. Abin da ya nuna mini kawai shi ne yadda zan cusa sababbin katuna a tsakanin nawa, masu sa injin ya buga abin da ke hannunsa a kowane mataki. Muka riƙa matse wurin a hankali, har na ga layin da lissafin ya kauce. Ashe harafin O na huda a wurin sifiri. Na sake katin, aikin ya fita, na kammala.

Da yana raye ya ga na'urar Sa'adatu, na san zai yi murna kamar yaro. Na kuma san sai ya tambaye ta ko ta fahimci dalilin kuskuren, ko gyarawa kawai ta yi ta wuce.

Yaya bai bar wani gini da sunansa ba. Amma na ƙare aikina ina koyar da lissafi tsakanin Kankia da Kusada, kuma ban taɓa karɓe alƙalami daga hannun ɗalibi na gyara masa ba. Yau wasunsu malamai ne, haka suke yi wa nasu ɗaliban, ba su san daga wa abin ya fito ba. To, daga Lawal ne. Wanda ya karanta wannan a cikinku, ya sa shi a addu'a. Allah Ya haskaka makwancinsa.