Fiton da ke cikin faifan motar maigidana

Tun kafin yaron nan da na haifa ya fara zama nake ɗauke da wani tsoro wanda ban gaya wa kowa ba: ina zargin ba ya ji. A dangin babana akwai kurma, kullum abin yana raina. Wata rana cokali ya suɓuce min a kusa da shi, bai ko motsa ba. Daga nan ban ƙara gwadawa ba, don ina tsoron amsar.

Gidanmu na Al Wukair, a nan ƙasar Larabawa, shiru ne, sai gurnanin na'urar sanyi. Babu daka, babu kukan akuya, babu mai sallama. Ga shi ɗan fari ne, ni kuwa a ƙauyenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa surutu. Ko da babu mai ganina na riƙe wannan kunyar. Sai in ba shi nono, in kwantar, muna kallon juna kamar baƙi.

Maigidana injiniya ne a Lusail. Ya sayi tsohuwar mota a hannun wani Bature abokin aikinsa, aka bar faifai a ciki ya maƙale, ya ƙi fita. Wata Asabar da hantsi za mu kasuwar Souq Waqif sayen kayan yaji, ina baya da yaron a kujerarsa, sai maigidan ya kunna faifan.

Ban taɓa jin kiɗa mai muni haka ba. Jita kamar ana yankan kwanon rufi, ganga tana dukan ƙirji, mawaƙin kuma murya ƙasa-ƙasa kamar wanda aka yi wa rasuwa. A bayansu mutane suna ta ihu.

Na ce, "Yallaɓai, faɗa suke yi?"

Ya yi dariya. "Wasa ne, Hajiyata. A kan dandamali aka ɗauka, har da 'yan kallo. Baturen ya ce sunan kiɗan fos-fank."

"To ai sai su nemi magani."

Waƙar ta ƙare, ihun ya lafa, aka ɗan yi shiru. Can wani daga cikin 'yan kallo ya yi fito, siriri, dogo, ta lasifikar da ke ƙofar hagu. Sai yaron ya juya kansa hagu, ya buɗe ido yana neman mai fiton.

Na riƙe kujerar gaba. "Mayar da faifan baya."

"Ke da kika ce a nemi magani?"

"Don Allah mayar!"

Ya mayar. Aka sake fiton, yaron ya sake juyawa, har da ɗaga hannu. Kuka ya ƙwace min. Maigidan ya gangara gefen titi a rikice, nan na faɗa masa duk abin da nake ɓoyewa.

Sai ya ce, "Ai an gwada kunnensa tun a asibiti, lafiya lau."

"Ka taɓa gaya min?"

Ya sosa ƙeya. "Maza, kira sunansa da kanki ki gani. Iyayenmu suna Najeriya, ni kuma ban ji komai ba."

Na sunkuya daidai kunnensa, na faɗi sunan a hankali. Ya juyo, ya kama min mayafi. A ranar ko citta ban iya zaɓa ba, sai kallonsa nake a tsakiyar kasuwa.

Har yanzu faifan yana cikin motar. Wani makanike ya ce zai ciro shi, na hana. Kiɗan dai bai yi min daɗi ba har gobe, amma ina jiran wurin fiton, kuma nakan yi wa mai fiton fatan alheri duk inda yake.

Roƙona gare ki, 'yar'uwa: in wani abu ya tsaya miki a rai game da ɗanki, ki faɗa da wuri, a duba shi. Kada ki zauna da shi ke kaɗai kamar yadda na yi.