Tunkiyar da Na Bayar Saboda Silon

Ranar Asabar ta farko bayan an gama cirar gyaɗa, a kakar 1955, na zauna a dakalin ƙofar gidanmu a garinmu Ƙofa tun da aka idar da sallar asuba, ƙunshin guzuri a cinyata, takalmana rataye a wuya don kada su tsinke kafin in isa teku. Shekarata goma. Duk wanda ya zo wucewa gona sai ya tsaya ya ce, "Matafiyi, Allah ya kiyaye hanya," ya yi gaba kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa, dolo, sai amin nake ta zubawa.

Kawu Tanimu ne ya ja mini. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon soja, ya je yaƙin Bama ya dawo da tabo a ƙwauri da baki mai zaƙi. A cewarsa jirginsu na ruwa ya taɓa yada zango a wata ƙasa wai ita Silon, ƙasa guda a tsakiyar ruwa, duk inda ka nufa teku ce za ta tare ka. Duwatsunta kore shar, ruwa na kwararowa daga kansu rani da damina, kwakwa na faɗowa babu mai ɗauka, giwaye na jan gungume kamar jakunan gidanmu. In na dawo daga yankan ciyawa da la'asar, yara na can suna langa, ni ina tsugune gabansa a gindin tsamiya yana tufka igiya yana zuba. Wata rana ya dube ni ya ce, "Sule, da kaka ni da kai za mu je. Ba fatauci ba, ba yaƙi ba, hutu kawai irin na Turawa, mu ci mu sha mu kalli ruwa." Ya ɗauki kara ya zana hanyar a ƙasa: ƙafa zuwa Kano, jirgin ƙasa zuwa Ikko, sai jirgin ruwa. Har ranar tashi ya sa. Shi ya sa ta da bakinsa, wallahi, ba ni ba.

Damina guda na yi ina shiri. Na matsa wa Inna ta ɗinka mini jaka da tsohon zanenta, ta soya ƙuli-ƙuli, ta daka dakuwa. Na koyi iyo a kududdufi har na sha ruwa na sha bulala. Sai na tuna wani maƙwabcinmu da ya tafi hajji a ƙasa: kafin ya tashi ya bi gida-gida yana neman gafara, abin da ba zai iya ɗauka ba ya rabar. Na ce to, ai haka mai doguwar tafiya yake yi. Na bi unguwarmu kaf, ina durƙusawa a zaure ina cewa a yafe mini. Tsofaffi da furfurarsu suka riƙa dafa kaina suna cewa sun yafe duniya da lahira. Ko mutum ɗaya bai ja ni gefe ya ce yaro, wasa ake yi da kai ba. Ko ɗaya!

Abin da na mallaka a duniya tunkiya ce, ina kiranta Marainiya. Uwarta ta mutu tana da kwana biyu, Baba ya ce in na raya ta tawa ce. Da yatsana na shayar da ita madarar da nake roƙowa a rugar Fulani, kuma duk inda na sa ƙafa tana biye da ni. Na tambayi Kawu ko za a bar ta ta shiga jirgi, ya ce a'a, Turawa ba sa yarda. Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gaban Baba da ƙannensa, na miƙa igiyarta ga Ado, ɗan baffana da katanga ɗaya ta raba mu, na ce na ba shi halak malak. Baba ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Ranar Asabar ɗin, har rana ta take tsaka babu Kawu. Na saɓa jakata na nufi gidansa, na same shi a masussuka yana bugun dawa, ko riga babu a jikinsa. Ya kalli jakar, ya kalli takalman, ya tuntsire da dariya har sanda ta suɓuce masa. "Kai, ɗan nan! Ashe da gaske ka ɗauka?" Abin da ya ce ke nan, ya ci gaba da aikinsa.

Da gudu na dawo, na faɗa gidan su Ado na kwance tunkiyata. Baba ya tare ni a zaure. Bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, "Ka bayar da bakinka a gaban mutane. Mai da ita." Na ce, ina kuka ina shiɗewa, to Kawu fa, shi ba da bakinsa ya faɗa ba? Mari na samu, wai na yi wa babba rashin kunya. Nan ne abin ya tsaya mini a rai har yau. Ɗan shekara goma aka ɗaure da maganarsa, ƙato mai gemu aka ce raha yake yi. Na mai da ita da hannuna. Sati guda tana kuka ta bayan katanga, ina jin ta ina cin tuwo. Da bazara ta haifi tagwaye a gidan Ado, ni kuma aka laƙaba mini Ɗan Silon, sunan da ya bi ni har na yi aure.

Yanzu jikokina kan zauna su shirya tafiyar hutu a waya kafin shayi ya huce, sun ma nuna mini ƙasar, sun ce ta canja suna. Kore shar ɗin take, Kawu bai yi ƙarya a nan ba. Shi da Baba da Ado duk sun riga mu gidan gaskiya, tsamiyar ma an sare ta, kuma wani lokaci nakan so in sake tsugunawa a gindinta in ji zubar nan tasa. Amma ban taɓa ce wa yaro za mu je ko da kasuwar Yako ba, sai na riga na sa takalmi. Tsibirin na daɗe da yafewa. Tunkiyar ce na kasa.