Katin Aikin Baba Ajimi

Don Allah akwai wanda ya san inda Oga Damian yake, wanda ya yi foman a kamfanin takalma na nan Maiduguri kafin a rufe shi? Ku tsaya ku karanta kar ku wuce zan faɗa muku dalili.

Baba Ajimi kawuna ne, gidanmu ɗaya a Jiddari Polo. Shekara goma sha tara ya yi a kamfanin nan a kan injin yanka fata, wai ko awo ba ya yi, da ido yake yanka fatar takalmi lamba arba'in da biyu ta fito cif. Injin nan ne ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu, ranar Oga Damian ne ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti jini duk ya ɓata masa riga. To da rikici ya yi zafi hanyoyi suka rufe fata ta daina shigowa, masu saye daga Chadi da Kamaru suka daina zuwa, sai wata Litinin aka tara su aka ba kowa takardar sallama aka sa kwaɗo a get.

Sai ya koma Khaddamari noma shi da matarsa Ya Fanna. Lokacin ne ake ta cewa yaran daji suna tare hanya suna lalube aljihu, wanda aka samu da kati mai hoto da hatimi sai a ce ma'aikacin gwamnati ne, kun san sauran. Kowa yana ɓoye nasa, wani malamin makaranta ma rami ya tona ya binne takardunsa. Shi kuma katin Baba hoton da ke jiki kakin kamfani ya sa. Ya Fanna ba ta karatu, kaki ta gani da hatimi. Da safen da za su gudo Maiduguri saboda rikicin yana waje yana ɗaure kaya ta buɗe akwati ta ɗauko katin da takardar sallamar ta cusa a murhu ƙarƙashin tukunyar kunu. Kuma wallahi an tare su a hanya an lalube shi har cikin hula ba a samu komai ba.

Tun daga nan gyaran takalmi yake yi a gindin dogon yaro kusa da filin Polo, da allura da zare da yatsu takwas.

Yanzu gwamnati ta kawo tallafi na waɗanda aka sallama daga masana'antu, keken ɗinkin takalmi da jari. Ya wanke hularsa ya tafi ofishin a GRA tun bayan asuba ya bi layi. Matar da ke kan tebur, Madam Agnes, ta ce abu uku ne, ko kati ko takardar sallama ko mutum biyu da suka yi aiki tare su sa hannu su shaida. Littafin sunaye na kamfani kuwa ruwa da gara sun gama da shi. Sai Baba ya ɗora hannun nan na hagu a kan tebur. Ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Baba ni na yarda da kai, amma hannu ba ya shiga fayil."

Mutum ɗaya mun samu, Baba Dzarma, a da shi ne mai shafa gam a kamfanin yanzu gadi yake yi. Yana zuwa ya fara tsokana wai ina mai yanka da ido, ashe idon ma yatsu yake yankawa. Baba Ajimi ya ce masa ɗan ƙauyen kan dutse, da bai shigo birni ba da har yau bai san takalmi yana da hagu da dama ba. Suka yi dariya, suka fara lissafa mutanen layinsu na kamfani, Manasse ya rasu a hanya, Wilson ba labari, wasu suna Kamaru, sai dariyar ta tsaya. Baba Dzarma ya sa hannu. Saura ɗaya.

Ya Fanna kuwa tun ranar ko abinci ba ta ci sosai, kullum ita ce ta jawo ita ce ta jawo. Jiya Baba ya tura mata kwanon tuwo gabanta ya ce, "Fanna kati kika ƙona, ni kika bari. Ci abinci."

Kwana tara ya rage a rufe karɓar suna. Oga Damian dogo ne yana da sanƙo, yana jin Kanuri kamar ɗan gari, matarsa Modesta tana da shagon zannuwa a kasuwa. Sun koma kudu lokacin da aka kashe layin waya, lambarsa ta ɓace. Madam Agnes ta ce ba sai ya zo ba, ya rubuto shaida da hotonsa ya sa a mota ma ya isa.

Duk wanda yake da ɗan uwa a kasuwannin kudu ko a tasha ko a coci don Allah ya tura masa wannan, shi ma ya tura gaba. In ya kai gare shi ku ce masa mutumin da ya ɗauka a babur ne yake nemansa, yana nan gindin dogon yaro a Polo.